Mai Tseren Dutse Daga Ƙasar da Ba Dutse

 

Shirin namu na yau zai yi nisan kiwo. Za mu tafi ƙasar Belarus, can gabashin Turai, mu yi magana a kan wasan da babu wanda ya taɓa yin sa a Sakkwato, kuma da wuya a yi shi har abada: tseren zamiya daga kan dutse a bisa dusar ƙanƙara. Na san wani zai ce, to malam, ina ruwan Basakkwace da ƙanƙara, mutumin da a watan Afrilu zafi ke haura digiri 40 a kansa? Ku ba ni aron kunnuwanku. Labarin zai biyo da mu ta Sanagal da Gana, ya sauke mu a filin kokawa da gidan dambe.

Bari mu fara da ƙasar kanta. Belarus tana tsakanin Rasha da Yukiren da Folan da Lituweniya da Latbiya, ba ta da gaɓar teku, babban birninta Minsk, mutanenta wajen miliyan 9. Ta samu 'yancin kai a 1991, lokacin da Tarayyar Sobiyat ta wargaje. Sanyi kam akwai shi, dusar ƙanƙara tana rufe ƙasa watanni. Abin da babu shi ne dutse. Wuri mafi tudu a duk faɗin ƙasar, wani tsauni ne da ke yamma da Minsk, tsayinsa mita 345 daga saman teku. Don ku gane ƙanƙantar wannan, birnin Kano, inda mutane ke zaune suna cin kasuwarsu, ya fi shi tudu daga saman teku. Jos kuwa ba a magana, ta ninka shi fiye da sau uku.

Shi kuma wannan wasa, dutse ne jarinsa. Ɗan wasa yana ɗaura wasu dogayen allunan zamiya guda biyu a ƙafa, ya riƙe sanda a kowane hannu, a kai shi ƙololuwar dutse, a sake shi. An kakkafa tutoci a kan hanya bibbiyu, dole ya bi ta tsakaninsu. In ya tsallake ko da ɗaya, an cire shi. Ba a sakin su tare. Ɗaya bayan ɗaya suke gangarowa, agogo ne abokin karawar kowa.

Tseren iri huɗu ne manya, amma biyu za su ishe mu. Akwai gangara kai-tsaye, wanda shi ne na masu ƙarfin hali: tutoci nesa da juna, gudu kamar ba gobe. A garin Kitzbühel na ƙasar Ostiriya akwai wata sananniyar hanya mai tsawon kilomita 3 da 'yan kai, wadda daga samanta zuwa ƙasanta akwai zurfin mita 860, kuma gwanaye suna gama ta cikin ƙasa da minti 2. A 2013, a Wengen ta ƙasar Suwizalan, an auna gudun wani Bafaranshe mai suna Johan Clarey ya kai kilomita 161.9 a awa ɗaya. Direbobinmu na hanyar Gusau, Allah ya shirye mu da ku, ko ku ba kwa taka mota haka. Shi kuwa wannan bawan Allah babu ƙarfe a jikinsa sai hular kwano. Sai kuma silalom, tseren zilliya: hanya gajeriya, sanduna kusa da juna, mutum yana karkata dama da hagu kusan kowane sakan. Sau biyu ake yin sa a rana ɗaya, a haɗa lokutan, wanda ya fi ƙarancin lokaci shi ya ci.

Lokacin nan kuma ba da sakan kawai ake auna shi ba, ana raba sakan ɗaya gida ɗari. A gasar Olamfik ta hunturu da aka yi a Sochi ta Rasha a 2014, mata biyu, Tina Maze ta Silobeniya da Dominique Gisin ta Suwizalan, suka gangaro hanya mai tsawon kusan kilomita 3, kowacce ta yi minti 1 da sakan 41.57. Babu ragi babu ƙari. Dole aka ba kowacce zinare.

To, mai son ya gwanance a wannan, alhali ƙasarsu shimfiɗaɗɗiya ce, yaya zai yi? A shekarun 2004 da 2005 an buɗe wuraren zamiya biyu a arewa da Minsk, Logoisk da Silici, a kan tuddan da gangararsu ba ta wuce kusan mita 100 ba. Wannan ya isa yaro ya koyi tsayawa da juyawa. Bai isa a horar da mai gangara kai-tsaye ba, don ƙa'idar manyan gasannin maza tana neman zurfin mita 800 zuwa sama. Ko silalom na manya yana neman fiye da abin da tuddan nan ke da shi. Saboda haka duk ɗan Belarus da ya ɗauki wasan nan sana'a, rayuwarsa ta zama ta matafiyi: hunturu a duwatsun Ostiriya da Italiya, bazara a kan ƙanƙarar ƙololuwar tsaunuka wadda ba ta narkewa. Ƙasashe masu hali ma har Cile da Ajantina da Niyu Zilan suke kwasar 'yan wasansu, don lokacin da Turai ke zafi can hunturu ake yi.

Hukumomin wasanni na Belarus sun san inda ƙarfinsu yake. Suka zuba kuɗi a wasannin da ba su buƙatar dogon dutse: tseren ƙetare daji haɗe da harbin bindiga, da wasan alkafura a iska wanda ɗan tudu da matakala ya wadatar. Lissafin ya biya su. A Sochi sun ɗauki zinare 5, uku daga ciki mace ɗaya ce ta ciwo su, Darya Domraceba. A tseren gangarowa daga dutse kuwa, har yau ƙasar ba ta taɓa ɗaukar lambar Olamfik ba.

A nan ne sunan Mariya Shkanova ya shigo. An haife ta a 1989. Ta wakilci Belarus a Olamfik ta Bankuba a Kanada a 2010 tana 'yar shekara 20, ta koma a Sochi a 2014, ta sake komawa a Piyoncan ta Koriya ta Kudu a 2018. Ba ta hau dandamalin karɓar lamba ba a ko ɗaya. Babbar ranarta ta zo ne a 2017 a Almaty ta Kazakistan, a gasar ɗaliban jami'o'i ta duniya, inda ta ci zinare a silalom. A ɓangaren maza akwai Yuri Danilockin, wanda ya je Sochi da Piyoncan, kuma ya yi ƙarfin halin shiga gangara kai-tsaye, tseren da babu inda zai gwada shi a gida.

Wani zai ce ai wannan ba labarin zakara ba ne. Gaskiya ne, kuma da gangan na zaɓo shi. Labarin zakara kowa na ba da shi. Abin da nake so mu duba shi ne yadda aka tsara wasan, har mutumin da bai taɓa zama na ɗaya a duniya ba zai shekara goma sha yana fafatawa, ya san matsayinsa, kowa ma ya sani.

Hukumar wasan ta duniya, wadda ake kira FIS, an kafa ta tun 1924. Duk ɗan wasan da ya yi rajista ana ba shi lamba tasa. Duk tseren da ya shiga ƙarƙashin hukumar, ko a wani ƙauye ne da 'yan kallo ba su kai cikin mota ɗaya ba, ana rubuta rana, da wuri, da lokacin da ya yi, da na wanda ya ci. Daga tazarar da ke tsakaninsa da na ɗaya, da kuma ƙarfin waɗanda suka shiga tseren, ake fitar masa da maki. Makin nan, saɓanin na makaranta, ƙarancinsa ake so. Yaro yana farawa da maki mai yawa, yana bin ƙananan gasanni yana rage shi, har ya isa shiga Kofin Turai, daga nan Kofin Duniya, wanda aka fara a 1967. A Kofin Duniya mutum 30 na farko kaɗai ke samun maki, kuma a silalom su kaɗai ake bari su yi zagaye na biyu. Wanda ya zo na 31 sai ya tattara kayansa ya nufi gari na gaba.

Ga kuma inda abin yake da ciwo. Matsayinka shi ke yanke lokacin da za a sake ka. Manya su ke fara gangarowa, lokacin da hanya take sumul. Kafin a zo kan mai lamba 60, allunan waɗanda suka gabace shi sun haƙe ramuka a gindin kowace sanda, hanya ta zama kamar hanyar ƙauye a watan Agusta bayan manyan motoci sun bi. Wato mai rauni shi ake ba hanya mafi muni, kuma a kanta ake so ya nuna ya cancanci a matso da shi gaba. Ƙari a kan haka, ɗan wasan Ostiriya yana tafe da masu horarwa, da likita, da mai gyaran alluna wanda aikinsa kawai shi ne ya wasa bakinsu ya shafa musu kakin da ya dace da sanyin ranar. Ɗan ƙaramar ƙasa sau da yawa shi da mai horar da shi ne kaɗai. Gwiwa kuma ita ce ajalin sana'ar. Jijiyarta ta tsinke, an yi asarar shekara guda. Wanda ya jure wannan har ya je Olamfik sau uku, a wurina ya wuce a yi masa kallon ɗan rakiya.

Sannan akwai abin da ba agogo ke yanke shi ba. A watan Fabrairun 2022 Rasha ta afka wa Yukiren, kuma wasu dakarunta ta ƙasar Belarus suka bi. A farkon Maris hukumar FIS ta dakatar da 'yan wasan Rasha da na Belarus daga gasanninta. Sana'ar da ake ginawa da maki, tsere bayan tsere, in aka rufe maka ƙofa shekara ɗaya ko biyu, makinka ya lalace, kuma shekaru ba su jiran kowa. Masu goyon bayan matakin sun ce ba a wasa da tutar ƙasar da ke cikin yaƙi. Masu adawa suka ce ɗan wasa ba shi ya aika soja ba. Ko wanne ka bi, 'yan wasan ne suka biya.

(KIƊA)

Jama'a masu saurare, in Belarus tana da ƙanƙara ba dutse, mu a Afirka ta Yamma ƙanƙarar ce ma babu. Duk da haka mun leƙa.

Wanda ya fara buɗe ƙofa shi ne Lamine Guèye na Sanagal, jikan sanannen ɗan siyasar nan mai wannan suna. An haife shi a Dakar a 1960, aka tura shi karatu Suwizalan yana yaro, a can ya ga dusar ƙanƙara. Da ya so shiga gasa sai ya tarar ƙasarsu ba ta da hukumar wasan, don haka a 1979 ya kafa ta da kansa. A 1984 ya shiga Olamfik ta Sarayebo, ya zama baƙar fata na farko daga Afirka da ya yi tseren zamiya a gasar. Ya koma a 1992 da 1994. Daga baya ya zama mai yawan sukar tsaurara sharuɗɗan shiga Olamfik, don yana ganin an yi su ne a kan ƙananan ƙasashe.

Na Gana kuwa, Kwame Nkrumah-Acheampong, ya girma a Gana, ya koma Ingila, ya samu aikin karɓar baƙi a wani wurin zamiya na cikin gini a garin Milton Keynes, inda injin ke yin ƙanƙarar. A nan ya koya, yana dab da shekara 30. Ya bi ƙananan gasanni yana rage maki har ya cancanci zuwa Bankuba a 2010, gasar da Mariya Shkanova ta fara zuwa. Ya gama silalom can kusa da ƙarshe, amma ya gama, a ranar da gomman 'yan wasa suka faɗi ko aka cire su.

Nijeriya sai a 2018 ta fara zuwa Olamfik ta hunturu, kuma mata huɗu ne suka kai ta: Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga a tseren amalanken ƙanƙara, da Simidele Adeagbo a wanda ake kwanciya rub-da-ciki a kan ɗan allo. Seun Adigun dama 'yar tseren tsallake shinge ce, ta wakilci Nijeriya a Landan a 2012, kuma da amalanken katako da ta haɗa a Houston ta Amurka suka fara atisaye. A 2022 a Beijin, Samuel Ikpefan, wanda aka haifa a Faransa, ya wakilce mu a tseren zamiya na ƙetare daji.

Mun yi murna da su, kuma sun cancanta. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: kusan dukkansu a ƙasashen waje suka tashi ko suka koyi wasan. Tuta tamu ce, horon na wasu ne. Ba na kira ga kowace gwamnati ta kashe ko sisi a kan ƙanƙara. Mai wannan shawara a Sakkwato sai a duba lafiyarsa. Abin da ya ba su damar shiga shi nake hange. Kwame bai san kowa ba, ba a yi masa alfarma ba. Akwai tsani a rubuce, ya taka, lissafi ya nuna ya isa.

Yanzu mu dawo gida. Muna da kokawa, muna da dambe, muna da langa, muna da sukuwar dawaki. Bayan an kai amfanin gona gida, daga nan har Argungu da Ƙauran Namoda, ganga ba ta yin shiru. Ƙasar nan ta fitar da mazaje. Duk wanda ya girma a nan ya ji waƙar Shago ta Muhammadu Bawa Ɗan Anace, kuma saboda waƙar nan yaron da aka haifa jiya ya san akwai wani ɗan dambe da ake kira Shago. Makaɗi ya yi aikinsa, ya yi shi da kyau. Sai dai makaɗi zuga ce sana'arsa, kuma wanda ya burge shi yake wa waƙa. In ka tambaya sau nawa Shago ya sa zare, da wa da wa, a wane gari, wa ya kashe, wa ya kashe shi, wane dambe aka tashi ba kisa, babu kundin hukuma da za a buɗe maka. Sai dai ka zauna da dattawa, kowa ya ba ka nasa, a yi ta gardama har magariba. Wannan Shago ke nan, wanda ya yi sa'ar Ɗan Anace. Waɗanda suka kara da shi, suka ba shi wuya, amma ba su samu makaɗi ba fa? Mariya Shkanova ba ta da waƙa, amma jikanta zai iya buɗe waya ya ga kowane tsere da ta yi da lokacin da ta yi.

Ba sai mun je Turai neman misali ba. Ku tsallaka iyaka ta Illela. Tun 1975, lokacin da aka yi ta farko a Tawa, Jamhuriyar Nijar take gudanar da gasar kokawa ta ƙasa, wadda zakaranta ke ɗaukar takobi. Kowace jiha tana tace 'yan kokawarta tun daga ƙasa, jihohi 8 kowacce ta kawo mutum 10, ana zagayawa da gasar daga jiha zuwa jiha, rediyo da talabijin suna watsawa kai-tsaye. Saboda an rubuta, ɗan Nijar zai gaya maka Kantu na Maraɗi ne ya ɗauki takobin farko, zai lissafo maka Salma Ɗan Rani da Kadade da Balla Haruna, ya gaya maka Isaka Isaka na Doso ya ɗauka karo na shida a Agadas a ƙarshen 2023. Makaɗa suna nan suna zuga, bokaye suna nan da layunsu, babu abin da rubutu ya rage wa armashin fili. Abin da ya ƙara shi ne yaron ƙauye ya san matakalar da zai taka, daga gundumarsu zuwa jiha, daga jiha zuwa takobi.

A nan gida kokawa da dambe da langa suna cikin wasannin da ake yi a bikin wasanni na ƙasa, kuma akwai hukumar wasannin gargajiya ta tarayya. Amma tsakanin wancan biki da dandalin ƙauye akwai rami. Ɗan damben da ya yi shekara goma yana yawo daga Sakkwato zuwa Kano zuwa Legas, ko ɗan ɓangaren Arewa ne ko na Kudu ko na Guramada, tarihinsa yana cikin wayoyin 'yan kallo, guntu-guntu, a Facebook da YouTube. Ranar da hannu ya karye ko ido ya samu matsala, babu takardar da za ta nuna abin da ya yi, balle a ce ga haƙƙinsa.

Aikin kuma ba mai tsada ba ne. Kowane gidan dambe da kowane filin kokawa a samu mutum ɗaya mai littafi: suna, da laƙabi, da gari, da nauyi, da rana, da abokin karawa, da yadda aka tashi, har da turmin da aka yi kisa. A auna nauyi kafin a haɗa, don kada a riƙa jefa yaro ɗan shekara 17 a hannun ƙato saboda 'yan kallo na son ganin faɗuwa. Wanda ya sha mugun naushi a ka har ya suma, a rubuta, a hana shi sa zare sai likita ya duba shi. Ƙarshen wata a tattara littattafan nan a hukumar wasanni ta jiha, a fitar da jeri, a karanta a rediyo. Ƙananan hukumomi 23 gare mu. Kowacce ta fitar da gwaninta bayan kaka, a haɗu a filin wasa na Giginya. Ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo masu neman abin da za su yi bincike a kai kuwa, tsofaffin 'yan dambe da 'yan kokawa da makaɗansu suna nan da rai a ƙauyuka, kuma kowace shekara ana rasa wasu. A ɗauki na'ura a je a zauna da su tun suna iya tuna wa ya kayar da wa.